BINDIGAR GADO

Hausawa sun ce araha ba ta ado. To, ga labarin wani manomi na ƙasar Madarunfa da ya share kwana 40 yana yi wa abin araha ado. Adon ya kama, har ya kusa jefa shi cikin da-na-sani. Duk mai tsohuwar bindiga a ɗaka, da mai niyyar sayen wata a hannun mutum, ya karanta da natsuwa, ya kuma ba maƙwabcinsa labari.

ABIN DA RUFIN ƊAKI YA ƁOYE

Ruwan shuka na bana ya zo da iska mai ƙarfi. A gidan manomin nan bangon ɗakin mahaifinsa ya zube. Mahaifin ya daɗe da rasuwa, ɗakin kuma an mai da shi wurin ajiyar kalme da igiyoyi. Da shi da ƙanensa suka shiga fid da azara. Can tsakanin azara da ƙasar rufi sai suka ci karo da wani abu dogo, naɗe cikin fatar akuya. Da suka kwance, sai ga bindiga mai baki biyu. Tsatsa ta rufe ƙarfen ja wur. Ƙotar ta yi baƙi ƙirin wajen wuya, wajen gindi kuma ta koɗe ta yi fari kamar ƙashi.

Tsohuwarsu ta ji hayaniya, ta dogara sanda ta zo. Ta daɗe tana duban abin, sannan ta ce: "Ashe nan ya ɓoye ta. Na fi shekara 50 ban sa ta a ido ba."

Mahaifinsu tsohon soja ne na zamanin Faransa. Da ya dawo gida, kafin samun mulkin kai na 1960, ya sayi bindigar da kuɗin sallama. Da ita yake korar birai daga gona, da ita yake kawo zabin daji daga bakin dajin Baban Rafi. A farkon shekarun 1970, lokacin babban fari, gwamnati ta rufe farauta don namun daji sun kusa ƙarewa. Sai ya naɗe ta ya cusa cikin rufi. Ko da aka kafa dokar farauta ta 1998, wadda ta tsara lokaci da izini, tsoho ya riga ya manta da harbi.

Abu na farko da manomin ya yi, ya juya bakin bindigar wajen bango, ya ɗiga kananzir a mahaɗinta har ta yarda ta buɗe, ya tabbata babu harsashi ciki. Abu na biyu, ya tafi wurin mai gari. Ya tafi da tsohuwar takardar izini da suka samu cikin akwatin ƙarfen marigayin. Mai gari ya aika wa hukuma. Aka ce magada su kawo ta da takardarta in gulbi ya janye, hanya ta buɗe. Kafin nan kada wanda ya harba ta, kada ta fita daga gidan.

WACE IRIN BINDIGA CE?

Da aka goge saman ƙarfen kaɗan, sai rubutu ya fito: Robust. Ƙirar masana'antar Manufrance ce ta birnin Santetiyan a ƙasar Faransa. Masana'antar ta fara aiki a 1885. Ban da bindigogi tana yin kekunan hawa masu suna Hirondelle da kekunan ɗinki masu suna Omnia, tana aika kaya har ƙasashen Afirka ta hanyar wani babban littafin talla mai hotuna. Tana da bindiga mai tsada, Idéal, ta masu hali. Ita kuwa Robust, da ta fito a 1913, an yi ta ne don manoma da ƙananan ma'aikata: babu zane mai yawa, babu azurfa, sai ƙwari. Tsohuwar masana'antar ta durƙushe a shekarun 1980, amma bindigoginta suna nan warwatse cikin ƙauyuka.

Ke nan abin da suka tono ba dukiya ba ce ta a zo a gani. Ƙanen ya ce: "Yaya, mu ba maƙeri ya gasa ta ta yi baƙi, ko mu shafa mata fentin keke, mu sayar mu raba. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu." Maganarsa tana kan hanya, don damina ta shiga, tiyar hatsi tana ta hawa a kasuwa.

Maƙerin garin ya yarda zai yi. Ya ce yadda yake yi wa wuƙa da gatari haka zai yi mata: ya sa a wuta har ƙarfen ya yi shuɗi, ya tsoma cikin baƙin mai. Amma mutumin kirki ne. Da dare ya zo ya ce wa manomin: "Ban taɓa sa irin wannan a wuta ba. Akwai wani tsohon soja a garin da ke gaba, ya yi aikin gyaran makamai a bariki. Ka tambaye shi tukuna."

HUKUNCIN TSOHON SOJA

Ran kasuwa aka ɗauko tsohon a amalanke. Ya zauna kan tabarma, ya ɓalle mariƙin gaba, ya buɗe bindigar, ya zare bututun biyu. Kafin ƙiftawar ido ta rabu uku. Ya rataya bututun da zare, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Suka yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Ya ce: "Madalla, liƙin yana nan."

Ya nuna wa manomin siririn ƙarfen da ya bi tsakanin bututun biyu, sama da ƙasa. Ya ce a irin waɗannan bindigogi ana liƙa shi ne da dalma da kuza, yadda masu gyaran buta suke yi. Wannan liƙi yana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, alhali ƙarfe ba ya yin shuɗi a wuta sai wajen digiri 300. "Da maƙeri ya sa ta a wuta, ɗana, da yanzu kana da bututu biyu kowane da hanyarsa." Ya ƙara da cewa har a manyan masana'antu, inda ake dafa bindigar soja cikin ruwan soda mai zafi don ta yi baƙi, ba a tsoma mai baki biyu a ciki, don sodar tana cin liƙin. Fenti kuwa yana ɓarewa, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi ba mai gani.

Sai ya juya bututun, ya nuna masa hatimai da lambobi a ƙasansu. Akwai hatimin gwaji na Santetiyan. Akwai 12, wato faɗin baki. Akwai 65, wato tsawon mazaunin harsashi, milimita 65. Ya ce yawancin harsasan da ke kasuwa yau na milimita 70 ne, kuma in aka cusa su a mazauni gajere, ƙarfin fashewa yana ƙaruwa a kan tsohon ƙarfe. Akwai kuma lambar bindigar kanta. Aka kwatanta da ta takarda, suka yi daidai. Ya ce: "Wannan wurin kada takardar yashi ta taɓa shi. Bindigar da aka goge lambarta, ko ta ubanka ce, a gaban hukuma ta ɓarawo ce."

Daga nan ya ɗaura tsumma a sanda, ya jiƙa da kananzir, ya yi ta zurawa cikin bututun har tsumma ya fito da haske. Ya ɗaga na dama wajen rana, ya leƙa, ya gyaɗa kai. Ya ɗaga na hagu, ya leƙa, ya yi shiru. Ya miƙa wa manomin. Kamar taƙi ɗaya daga mazaunin harsashi, akwai ramuka baƙaƙe masu zurfi, inda ruwa ya kwanta shekara da shekaru.

"Ka ga wurin nan? Daidai nan hannun hagu yake riƙewa. Wata rana, ko harbi na farko ko na goma, zai tsage, ya tafi da yatsun mai harbi, wataƙila da idonsa. Harbi ya ƙare wa wannan bindiga."

Manomin ya ce: "To, Baba, gyaran ba shi da amfani ke nan?"

Tsoho ya ce: "Ciki ya mutu, ba mai tashe shi. Amma in kana so ka tsai da tsatsa, ka ga abin da ubanka ya gani ran da ya saye ta, wannan zan koya maka. Ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci."

Lokacin ƙanen yana gona. Manomin ya ce a ransa zai gaya masa in an gama aiki. Wannan jinkirin shi ne kuskurensa.

YADDA AKE KASHE TSATSA DA TSATSA

Tsohon ya ce damina ita ce lokacin wannan aiki. Da hunturu iska ta bushe, ƙarfe ba ya tsatsa yadda ake so. A watan Agusta kuwa raɓa da laima suna ko'ina, ga ruwan sama kyauta.

Sai da aka fara cire tsohuwar tsatsa. Manomin ya jiƙa ta da kananzir, ya kankare mai kauri da gindin tsohon kwanson harsashi, don tagulla ta fi ƙarfen bututu laushi, ba ta yi masa rauni. Sannan ya naɗa takardar yashi a guntun katako, ya bi tsawon bututun, daga gindi zuwa baki, ba a gicciye ba. Ya fara da lamba 240, ya koma 320, ya ƙare da 400. Inda tsatsa ta yi ɗan rami a waje, tsoho ya hana shi bin ramin har ƙasa. Ya ce kaurin bututu wajen baki bai kai milimita 1 ba, wanda ya ce sai ya shafe kowane tabo zai shafe bindigar ne gaba ɗaya. Uwar bindigar, inda kunama da makulli suke, ba a buɗe ta ba. An wanke ta da kananzir, an goge, an bar ta da launin tokarta.

Kwana 4 ya yi yana wannan guga bayan ya dawo daga noma. Bututun suka yi fari fat kamar sabon cokali.

Sai wanki. An wanke da sabulu da ruwan zafi har sau 3, don ko ɗigon maiƙo ya rage, launi ba zai kama wurin ba. Daga nan ba a sake taɓa ƙarfen da hannu. An fere itace biyu an cusa a bakunan, su ne mariƙa.

Maƙeri, wanda yanzu ya zama ɗan kallo mai son koyo, ya yanko gangar ƙarfe ya lanƙwasa ta ta zama kwami mai tsawon da zai ɗauki bututun santimita 70. Aka ƙone shi aka wanke tas. Matan gida suka tari ruwan sama a tuluna masu tsabta.

Tsoho ya haɗa ruwan tsatsa a ƴar kwalba: ruwan sama, ɗan gishiri, da ɗan ruwan wanke miki mai kumfa wanda ake sayarwa a farmasi. Ana tsoma auduga, a matse ta har ta kusa bushewa, a shafa sau ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ba a komawa baya, ba a bari ya yi ɗigo. Sai a rataya bututun da waya cikin ɗaki, a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a ƙasa, a rufe ƙofa. Bayan ƴan sa'o'i sai ka ga ƙarfen ya yi ja, tsatsa mai laushi kamar garin barkono ta rufe shi. Ba a barin ta ta kwana biyu, don in ta daɗe za ta fara haƙa rami.

Ƙanen ya leƙo ya gani, ya riƙe baki: "Yaya, kwana 4 kana cire tsatsa, yau kuma da hannunka kake mai da ita?"

A nan dabarar take. Aka cire itacen da ke bakunan, don kada iska mai zafi ta harbo su. Aka tsoma bututun cikin ruwan sama yana tafasa, aka bar su kamar minti 20. Da aka ɗaga su, jan nan duka ya koma baƙi. Dalili kuwa, tsatsa iri biyu ce. Ja tana kumbura, tana ɓarewa, tana shan laima, tana ci gaba da cin ƙarfe. In aka dafa ta sai ta juye ta zama baƙa, ita kuwa baƙar tana manne wa ƙarfe, tana riƙe mai, ba ta ci gaba da ci. Ruwa kuma ba ya wuce digiri 100 in yana tafasa, saboda haka liƙin dalma bai san ana yi ba.

Da ƙarfen ya bushe da zafinsa, aka share cikin bututun da busasshen tsumma, aka goge baƙar ƙurar da ke waje da soson ƙarfe mai laushi kamar auduga, lamba 0000, wanda aka sayo a kantin kayan gini a Maraɗi. Shi ma sai da aka wanke shi, don da ɗan mai ake sayar da shi. Soson wanke tukunya ba ya wannan aiki, kaifinsa ya yi yawa. Bayan guga ta farko launin toka-toka ne kawai ya rage. Manomin ya karaya. Tsoho ya ce: "Rini ɗaya ba ya sa zane ya yi baƙi. Je ka tambayi marina."

Haka aka yi ta maimaitawa: shafawa, ratayewa, dafawa, gogewa. A zagaye na 3 manomin ya ci tuwo da man shanu, ya manta, ya kama bututun da hannu. Da aka dafa sai ga sawun yatsunsa huɗu fari a kan baƙi. Dole aka wanke aka sake. Wata rana kuma ruwan sama ya ƙare, ya ƙara da na rijiya, sai ƙarfen ya fito da dabbare-dabbare saboda kanwar da ke cikin ruwan. Nan ma aka koma baya. A zagaye na 9 launi ya daina ƙaruwa. Ya yi baƙi mai ɗan shuɗi, irin na rawanin da ya sha bugu. Aka dafa cikin sabon ruwa sau ɗaya don kashe sauran gishiri, aka shafe shi da man inji mai tsabta ciki da waje, aka bar shi kwana ɗaya yana sha. Tsoho ya gargaɗe shi: baƙin nan shi kaɗai ba ya tare laima, sai da mai. Wanda ya daina shafawa, ja za ta dawo.

GYARAN ƘOTA

Ana wannan, ana kuma aikin ƙota. Itacenta na wata bishiyar Turai ne da Faransawa ke kira nwaye, mai ƙwari, marar nauyi. Baƙin da ke wuyanta man inji ne da marigayin ya riƙa ɗura wa ƙarfe, yana gangarowa cikin itace. Mai irin wannan yana ruɓar da itace har ya yi taushi ya tsage. Aka kwaɓa farar ƙasa aka shafe wurin, aka ajiye a rana. Zafi ya tsotso man, farar ƙasa ta shanye ta koma ruwan ƙasa. Aka kankare aka sake, har sau 6.

Tsohon man ƙyalli da ya rage an kankare shi a hankali da fasasshen gilashi. Inda itace ya lotsa don buguwa, aka ɗora jiƙaƙƙen tsumma, aka danna dutsen guga mai zafi. Tururi ya kumbura itacen, lotsawar ta taso. Inda ƙwayar itacen ta yanke kuwa, tururi ba ya mai da ita. Akwai wani tabo irin wannan a gindi. Tsohuwa ta ce wurin ne ya bugi dutse ran da jaki ya ka da mahaifinsu a hanyar daji. Manomin ya ce a bar shi.

Wajen guga da takardar yashi, tsoho ya ja masa kunne kan abu biyu. Kada a ci bakin itace inda yake haɗuwa da ƙarfe, don in itace ya yi ƙasa da ƙarfe ba ya dawowa. Kada kuma a taɓa ƴan zanen da aka tsaga a mariƙa don hana santsi. Su da tsohon buroshin haƙori aka wanke su.

Matar manomin ta kawo man gyaɗa, wata maƙwabciya ta ce man kaɗe ya fi. Tsoho ya ce duka biyun ba sa bushewa, sai su yi danƙo su yi wari. Man da ake so shi ne wanda kafintoci ke kira man lan, dafaffe, don shi in ya sha iska yana daskarewa cikin itace. Ɗigo 3 ko 4 a tafin hannu ya isa. A murza har itace ya yi ɗumi, a goge ragowar tas, a ajiye a inuwa. Da yake damina ce, kowane shafi sai ya kwana 2 ko 3 kafin a ƙara. Bayan shafi 10 jijiyoyin itacen suka fito, ja da baƙi, kamar zuma a kwalba.

Jama'a, a kula da wannan: tsumman da aka goge man lan da shi, in aka dunƙule aka jefar a lungu, yana yin zafi da kansa har ya kama wuta. A garin da rumbu da dannin kara suke jikin juna, wannan ba abin wasa ba ne. Manomin yakan jefa nasa cikin ruwa, sannan ya ƙone su a fili.

BAƘON DARE

Ran da aka haɗa bindigar, duk wanda ya gani sai ya ce sabuwa ce. Labari ya bazu. Bayan kwana 3, da magariba, ƙanen ya shigo da wani baƙo a kan babur. Baƙon ya juya ta, ya buɗe, ya rufe, ya ji ƙarar makulli. Bai leƙa cikin bututu ba, ga duhu kuma. Ya yi tayin kuɗin da zai sayi buhun hatsi 6. Ya ce zai dawo da safe.

Daren nan manomin bai yi barci ba. Rumbunsa saura kaɗan, na ƙanensa ya riga ya ƙare, ga ɗiya ƙanana, sabon hatsi kuma sai nan da wata guda. Babu wanda ya san maganar ramukan nan sai shi da tsoho, tsoho kuwa ya koma garinsu. Ya ce a ransa, ai baƙo bai tambaya ba. Hukuma kuma a iya ce mata bindigar ta lalace an jefar. Sai ya tuna hannunsa ne ya sa mata wannan kyau. Da tana nan da tsatsarta, ba mai hankalin da zai sa ta a kafaɗa. Shi ne ya mai da ita kyan ɗan maciji.

Da safe baƙon ya dawo. Manomin ya zare bututun, ya miƙa masa, ya ce: "Malam, ɗaga na hagu wajen rana ka leƙa." Baƙon ya leƙa. Manomin ya faɗa masa duk abin da tsoho ya ce, a gaban ƙanensa.

Baƙon ya yi dariya, ya ce: "Maigida, ba ni zan harba ba. Rage mini buhu 2, in ɗauka. Takardar ma riƙe abarka, ba na bukata."

Nan manomin ya gane irin cinikin. Mutumin zai kai ta gaba ne ya sayar wa wanda bai sani ba. Kuma kowa a ƙasar Madarunfa da Gidan Rumji ya san abin da bindiga marar takarda take jawowa. Kowa ya ga ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro iyaka a 2019, kowa ya san garin da aka kore wa shanu da dare. Ko ta tsage a hannun wani talaka, ko ta dawo garin a hannun wanda ba a so. Ya naɗe abarsa, ya ce: "Allah ya ba da haƙuri, ba ta sayarwa ba ce."

Da baƙo ya tafi, ƙanen ya tashi da faɗa. "Yaya, ka san da wannan tun farko ka yi shiru? Ka bar ni ina lissafin hatsi a kan abin da ya mutu? Kuma gadon nan ba naka ba ne kai kaɗai!" Manomin bai musa ba. Ya ce: "Ka yi gaskiya. Na yi laifi da ban gaya maka ba, ka yafe mini. Rabonka kuwa yana wuyana." Ran kasuwa ya ja ragon da yake kiwo don Layya, ya sayar, ya auno hatsi, ya kai gidan ƙanen. Sai da aka yi kwanaki kafin ƙanen ya sake zama cin tuwo tare da shi, amma ya zauna.

RANAR TAFIYA

Tsohon soja ya sake zuwa sau ɗaya. Ya cire allurai biyu masu dukan harsashi, ya ƙulle su a tsumma daban, don kada wani yaro ya gwada ta wata rana.

Da gulbi ya janye, mai gari ya sa rana. Da asuba, kafin a ɗaura wa shanu amalanke, manomin ya kai wa tsohuwarsa bindigar. Idonta ya yi rauni, sai ta bi ta da hannu, daga baki har gindi. Yatsanta ya tsaya kan tabon nan na dutse. Ta ce: "Haka take ran da ya shigo da ita gidan nan. Har ƙamshin man."

Ko za a rubuta ta da sunan magada a bar musu, ko za a karɓe ta, hukuma ce ke da magana. Manomin ya ce duk wanda aka yi ya yarda, don abin da ya nema ya samu.

Ƴan'uwa, ga abin da za a riƙe. Wanda ya tarar da bindiga cikin kayan gado, ya tabbata babu harsashi ciki, ya sanar da mai gari da hukuma tun ranar. Kada a naɗe ƙarfe cikin fata ko a cusa shi a rufi, laima a nan take kwana. Kada a sa mai baki biyu a wutar maƙera. Kada a goge lamba. Mai saye kuma, in yana da izini, kada ƙyallin waje ya ɗauke masa ido: ya zare bututu, ya ɗaga wajen rana, ya leƙa ciki, ya kuma nemi wanda ya san aikin ya duba masa.

Aka naɗe bindigar cikin farin ƙyalle mai tsabta, takardar marigayi tana aljihun manomin. Mai gari ya hau gaba. Ƙanen ne ya riƙe igiyar shanu.